Mene ne "direba" a kwamfuta, kuma ina ruwansa da awon gudun na'ura?

Idan ka ji mai harkar kwamfuta ya ce direbansa ya tsufa, ba matuƙin mota yake nufi ba. Direba wata manhaja ce da ke tsakanin babbar manhajar kwamfuta, irin su Linux ko Windows, da kayan ƙarfen da ke cikinta. Aikinsa na tafinta ne: manhaja ta faɗi buƙatarta, shi kuma ya mayar da maganar umarnin da ƙarfen zai gane.

A fagen koyar da na'ura, wato horar da kwamfuta ta koyi aiki daga bayanai, direban da aka fi damuwa da shi shi ne na katin GPU, wato katin da ke yin lissafai da yawa a lokaci guda, domin a can ake yin lissafi mai nauyi. Kuma ba shi kaɗai ba ne, abin hawa-hawa ne. A katunan kamfanin NVIDIA, manhajar koyar da na'ura irin PyTorch tana dogara da cuDNN, wata manhajar lissafi ta kamfanin, wannan ta dogara da CUDA, manhajar da ke ba katin aikin lissafi, da ta fito a 2007, ita kuma CUDA ta dogara da direba. Kowace sabuwar CUDA tana da mafi ƙarancin direban da za ta yarda da shi. In ya gaza haka, aiki ba ya ma tashi.

Wannan matsalar mai sauƙi ce, tunda a fili take. Wadda ta fi damuna ita ce ta ɓoye, lokacin da komai ke tafiya lafiya amma sakamakon awo ya karkace. Gwajin awo shi ne a ba na'urori aiki iri ɗaya, a ga wadda ta riga gamawa. To, idan ɗaya tana kan sabon direba, ɗayar kuma tana kan na bara, me aka auna ke nan? Ƙarfin kati, ko bambancin manhaja?

Abin ya taɓa faruwa a hawan da ke saman direba. A 2020 katin A100 na NVIDIA ya zo da salon lissafi mai suna TF32, wanda ya fi sauri amma bai kai tsohon salo daidaito ba. PyTorch 1.7 ta bar shi a kunne, sai PyTorch 1.12 ta kashe shi a 2022 wajen ninka jadawalin lambobi, sai dai in mutum ya kunna da kansa. Kati bai canza ba, aiki bai canza ba, amma gudu ya canza. Haka ma gyaran tsaron da aka fitar saboda Meltdown da Spectre, wasu raunin tsaro da aka gano a ƙwaƙwalwar kwamfuta (CPU), a farkon 2018 ya rage wa wasu ayyuka sauri. Ba banza ba masu shiga gwajin MLPerf na awon gudun na'urorin wannan fage, wanda aka fara a 2018, suke bayyana manhajojin da suka yi amfani da su tare da sakamakonsu.

Sabuntawa dole ce, don tsohon direba kan danne ƙarfin sabon kati. Amma lokacinta kafin a fara awo ne. Da an fara, sai a kashe sabuntawa mai yin kanta har a gama, kuma duk na'urorin da ake kwatantawa su zauna a kan lambar direba ɗaya. Masu amfani da Docker, wadda ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi ɗaya mai suna kwantena, su ma kada su saki jiki: kwantena tana ɗauke da CUDA da PyTorch, amma direban na uwar kwamfutar take ara. Umarnin nvidia-smi zai nuna lambarsa a saman allo, sai a rubuta ta kusa da kowane sakamako.