Ba kowane hayaƙin salansa ne ke nufin ringi ya mutu ba

Da zarar tsohuwar mota ta fara hayaƙi, sai ka ji an ce ringi, wato zoben da ke jikin fistin a cikin inji, ya tafi, a sauke inji. Wannan magana ta cinye kuɗin mutane da yawa, kuma abin yana damuna, domin kalar hayaƙin kaɗai tana nuna inda za a fara dubawa.

Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan: ko matatar iska ta toshe da ƙura, ko kafireto ko injekta na zubar da mai. Farin da ke fita da sanyin safiya a hunturu ya ɓace tururi ne kawai. Amma idan ya ƙi tsayawa, ruwan lagireto yana raguwa, a tuhumi gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa.

Shuɗin hayaƙi ne ke nuna baƙin mai yana ƙonewa, kuma ko a nan ba lallai ringi ba ne. Idan da safe kaɗai yake bugowa sannan ya lafa, galibi robobin bawul ne suka bushe, gyaran da ba ya bukatar taɓa fistin. Ringi ya fi yin hayaƙi lokacin da aka taka totur. Bakanike ya auna matsin kowace silinda kafin ya kwance komai.