Daga Kiya-Kiya Zuwa Adaidaita Sahu: Yadda Titunan Kano Suka Cushe

Kafin babur ya mamaye Kano, motocin kiya-kiya da tasi ne ke jigilar jama'a, yaran mota na rataye a ƙofa suna kiran Bata, Kurna, Kabuga. Matsin tattalin arzikin shekarun 1980 ya sa sayen sabuwar mota da kayan gyara suka gagari masu haya, motocin suka tsufa, gari kuma yana ta faɗaɗa. Gwamnatin Babangida ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a a 1988, amma bai toshe giɓin ba. Ɗan acaɓa ne ya toshe shi, don shi zai kai ka har ƙofar gida, ko lungun da mota ba ta shiga.

Sauƙin nan ya zo da tsadarsa. Yawancin baburan lokacin masu cin fetur ne gauraye da baƙin mai, kuma wanda ya taɓa tsayawa a shataletalen Bata da yamma ya san shuɗin hayaƙin da ke sa ido hawaye, ya maƙale a maƙogwaro. Ga haɗurra, ga karaya kullum a asibitin ƙashi na Dala.

A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da babur mai ƙafa uku, da nufin mata su daina hawa bayan ɗan acaɓa, aka laƙaba masa sunan shirinta na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu. Ba domin rage cunkoso aka kawo shi ba. Abin da ya ba shi gari kuwa tsaro ne: bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a watan Janairun 2013, gwamnatin Kwankwaso ta haramta acaɓa a birni. Dubban matasa suka koma tuƙin adaidaita, da yawansu bisa yarjejeniyar biyan balas ga mai keke. Wannan balas ɗin yana da hannu a cunkoson da ake gani, domin wanda dole ya haɗa kuɗin maigida kafin dare zai tsaya ko'ina aka ɗaga masa hannu, ko da tsakiyar titi ne, ya bar 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, da busa usur.

Gwamnatoci sun fi mayar da hankali kan gadoji: ta Ƙofar Nassarawa, ta Sabon Gari, ta Dangi, ta Hotoro. Sun rage wahala a mahaɗar hanyoyi, ba shakka. Sai dai gada ba ta ɗaukar fasinja. Mutum sittin da bas ɗaya zai kwashe, sai an jera adaidaita goma sha biyar kafin su tashi, kowanne da injinsa da hayaƙinsa, kuma duk a ƙasan gadar suke cushewa, wajen Kantin Kwari da Singa. A ganina nan ne aka yi babban sakaci. An yi ta maganar jirgin ƙasa na cikin gari tun 2016 a zamanin Ganduje, har da yarjejeniya da kamfanin China, amma wa'adinsa ya ƙare ba a shimfiɗa layin ba.

Yajin aikin 'yan adaidaita a Janairun 2022, kan kuɗin sabunta rajista, ya tona asirin lamarin: ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙa takawa a ƙasa, wasu suka hau a-kori-kura, saboda babu wata hanyar. A ƙarshen shekarar gwamnati ta fito da motocin bas na haya guda 100 da ake kira Kanawa, ta kuma sanar da hana adaidaita bin wasu manyan hanyoyi. Jama'a suka yi ca, domin motocin ba su isa ba, aka janye dokar nan take. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin hawa ya yi tashin gwauron zabo, talaka ya rage fita ko ya koma tafiyar ƙafa, har yanzu kuma adaidaita ne ke ɗauke da yawancin masu zuwa kasuwa da makaranta a birnin.