Kalmar tongue a Turanci

Tongue ita ce kalmar Turanci mai nufin harshe, wato tsokar da ke cikin baki. Kamar a Hausa, tana kuma nufin harshen da al'umma ke magana da shi, ko da yake language ta fi ta yawo a wannan ma'ana yanzu.

Asali

A tsohon Turanci tunge ake rubuta ta, kuma danginta su ne Zunge ta Jamusanci da tong ta harshen Holan. Masana sun ce tushenta ɗaya da lingua ta Latin, wadda a da can dingua ce. Daga lingua aka samu language, ta hannun Faransanci, da linguistics (ilimin harshe) da bilingual (mai jin harsuna biyu). Ke nan tongue da language 'yan gida ɗaya ne da suka rabu tun tale-tale, suka sake haɗuwa a Ingila.

Haruffan ue na ƙarshe ba a furta su. Ana kyautata zaton kwaikwayon langue ta Faransanci ne ya kawo su. Noah Webster, mai ƙamus ɗin nan na Amurka, ya so a koma rubuta tung, jama'a suka ƙi.

Salon magana

Mother tongue, wato harshen uwa, ta bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 14. Sau da yawa inda Bature ya ce harshe, Bahaushe baki yake cewa: slip of the tongue suɓutar baki ce, hold your tongue kuwa kama bakinka.

Wadda ta fi tarihi mai daɗi ita ce tongue-in-cheek, tura harshe cikin kumatu. Da farko alamar raini ce, kuma haka marubuci Tobias Smollett ya yi amfani da ita a littafinsa Roderick Random a 1748. A ƙarni na 19 ma'anar ta karkata zuwa gatse da zolaya, inda mutum zai murtuke fuska alhali wasa yake yi.

Cat got your tongue, wato "kyanwa ce ta ɗauke harshenka?", tambaya ce da ake yi wa wanda ya yi gum, galibi yaro. Wasu na danganta ta da bulalar da ake dukan matuƙan jirgin ruwa da ita a da, wadda ita ma ake kira cat, amma babu hujja.

Sauran amfani

Ana kiran fatar da ke ƙarƙashin igiyar takalmi tongue. Kafintoci kuma suna da tongue and groove, haɗin katako inda gefen wani ke shiga ramin wani.