Me ake nufi da "motsa jiki" a shirye-shiryen yara na talabijin?

Ranar Asabar da hantsi na shiga gidan yayata a Garwa, a arewacin Kamaru, na tarar 'ya'yanta uku sun naɗe tabarma sun jingine ta a bango, suna ta tsalle a gaban talabijin. Wani mutum ne a ciki yana ƙirga musu da Faransanci, in ya ɗaga hannu su ɗaga, in ya durƙusa su durƙusa. Autar, 'yar shekara huɗu, sai ta faɗi ta tashi tana ƙyalƙyala dariya. Yaya ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai, za ku fasa mini kwanuka!" Babban ya ce, "Inna, motsa jiki muke yi." Sai ta dube ni: "Wai shi motsa jikin nan ba buga ƙwallo ba ne?"

Mutane da yawa haka suke ɗauka. Wasanni su ne masu doka da abokin karawa, a ci wani ko a cinye shi, irin ƙwallon ƙafa da dambe da kokawa. Motsa jiki ya fi nan faɗi. A ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi, duk motsin da tsokar jiki ta yi har ya ci ƙarfi ya shiga ciki. Yarinyar da ta ɗebo ruwa daga famfo ta motsa jiki, haka yaron da ya taka da ƙafa zuwa makaranta, haka masu langa da masu tsallen igiya. Ba sai da riga mai lamba ko takalmin ƙwallo ba.

Amma motsi suna suka tara. Akwai matsakaici, wanda zuciya ke ƙara bugawa, numfashi ya ɗan hau, yaro na iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Akwai mai tsanani, wanda kalma biyu ko uku kawai zai faɗa ya tsaya ya ja numfashi. A ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2020, yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 a kullum na irin waɗannan, sannan aƙalla kwana uku a mako ya yi mai tsanani da wanda ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, kamar gudu, tsalle da hawa. 'Yan ƙasa da shekara biyar da suka fara tafiya kuwa, minti 180 ake so, a rarrabe cikin yini.

Abin da ya sa masu shirye-shiryen yara suka ɗauki lamarin da zafi shi ne yara sun zauna. Wani binciken hukumar da ya fito a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata. 'Yan mata kashi 85, maza kashi 78.

Dabarar kira ga jama'a su motsa jiki ta akwatin rediyo ko talabijin daɗaɗɗiya ce, tun 1928 rediyon Japan yake sa mutane miƙe jiki da safe. A talabijin na yara, misalin da ya yi fice shi ne LazyTown na ƙasar Iceland, wanda ya fara fita a 2004. Wanda ya ƙirƙire shi, Magnús Scheving, zakaran motsa jiki ne, shi ne kuma ya fito a matsayin jarumin shirin. Jarumin nan da 'ya'yan itatuwa yake samun ƙarfi, in ya ci sukari sai jikinsa ya mutu. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai, don ba a ce wa yaro "kada ka sha alewa" ba, an nuna masa wanda yake so ya zama yana gatsar tuffa. Mu nan mangwaro da goriba da kankana za su yi wannan aikin.

Sai dai akwai wani ƙulli. Kallon talabijin kansa zama ne. Hukumar ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a ajiye su gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Don haka ni a wurina ba kowane shiri mai ƙwallo a ciki ya cancanci sunan ba. In yaro ya yi awa biyu a kishingiɗe yana kallon katun na 'yan ƙwallo, ana katse shi da tallan biskit da lemon kwalba, wasanni ya kalla, jikinsa bai motsa ba. Shirin motsa jiki shi ne wanda zai ce "tashi tsaye", ya ba shi lokacin da zai yi, ya bar masa abin da zai maimaita bayan an kashe akwatin.

Tun da aka buga wasannin kofin Afirka a filin ƙwallo na Roumdé Adjia da ke nan Garwa a farkon 2022, Vincent Aboubakar ɗan garin nan ya ci ƙwallo 8 a gasar, kowane yaro a unguwa Aboubakar yake son zama. Madalla. Damuwata tana kan 'yan mata, waɗanda da sun kai shekara goma sai a ce su natsu, maza su tafi fili su kuma su zauna. Irin wannan shirin yana same su har tsakar gida. Abin lura kawai shi ne zafi: a watannin Maris da Afrilu Garwa kan wuce digiri 40, gara a yi da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa.

Muna cikin wannan hira aka ɗauke wuta. Yaran suka tsaya cirko-cirko. Yaya ta ɗauko gawayi daga murhu, ta zana gidajen 'yar gala-gala a inuwar darbejiya, ta gyara ɗaurin zanenta, ta jefa ɗan fasasshen kasko a gidan farko ta ce, "Ku matsa, ni zan fara."