Takarda mai sa hannun Sarki Faisal: tambayoyi da amsoshi ga mai sha'awar kayan tarihin sarauta

Akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara abin da hannun sarakuna ya taɓa: wasiƙa, hoto, katin gayyata, takardar naɗin jakada. Daga cikin sarakunan Larabawa da ake neman sa hannunsu akwai Faisal ɗan Abdul'aziz na Saudiyya.

Me ya sa Faisal?

Saboda hannunsa ya daɗe yana sa wa manyan takardu. An haife shi a 1906, kuma yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya tura shi Ingila a 1919. Ya zama wakilin sarki a Hijaz a 1926, sannan ministan harkokin waje a 1930. Shi ya jagoranci tawagar ƙasarsa da ta sa hannu a kan takardar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Yana firaminista aka haramta bauta a Saudiyya a 1962. Ya hau gadon sarauta ranar 2 ga Nuwamba 1964, bayan 'yan gidan sarauta da malamai sun sauke wansa Sa'udu.

Abin da duniya ta fi tuna shi da shi kuwa shi ne Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da wasu masu goyon bayan Isra'ila man fetur. Gangar da ake sayarwa kimanin dala 3 ta kusa kai dala 12 cikin 'yan watanni. Ranar 25 ga Maris 1975 ɗan ɗan'uwansa, Faisal ɗan Musa'id, ya harbe shi a fada a Riyad, yana cikin karɓar baƙi daga Kuwait.

Wane irin kaya ya fi daraja?

Wasiƙar da ke ɗauke da magana ta fi hoton da aka rattaba wa suna kawai. Wadda ya rubuta dukanta da hannunsa ta fi wadda magatakarda ya buga shi kuma ya sa hannu a ƙasa. Idan takardar ta shafi wani babban lamari, kamar taron shugabannin ƙasashen Musulmi na Rabat a 1969 bayan ƙona Masallacin Ƙudus, masu gwanjo kan yi rububinta. A ganina wannan daidai ne, domin tawada ita kaɗai ba ta ba da labarin komai. Abin da aka rubuta da wanda aka rubuta wa su ne tarihin.

Yaya zan gane na gaske da na jabu?

Fara da kwanan wata. A wancan zamani takardun fadar Saudiyya da lissafin Hijira ake rubuta su, kuma sarautar Faisal ta kama daga 1384 zuwa 1395. Takardar da ta kira shi sarki alhali tana ɗauke da shekarar 1380 ta tona asirin kanta, don a lokacin yarima ne mai jiran gado.

Ga wani misalin da ya kamata kowa ya riƙe. Takardun riyal masu hotonsa ba su fito ba sai a zamanin ƙanensa Sarki Khalid, daga 1976. Duk wanda ya nuna maka irin wannan kuɗin ya ce Faisal ya sa masa hannu, to ko dai an cuce shi ko yana shirin cutarka.

Sai ka duba tawadar da gilashin ƙara girman rubutu. Alƙalami yakan bar sawu a jikin takarda, wani wurin tawada ta yi kauri wani wurin ta yi siriri. Sa hannun da aka buga tare da hoto shafe yake, ba ka jin tudu ko kwari. Manyan ofisoshi a duniya suna kuma amfani da na'ura mai kwaikwayon sa hannu, wadda layinta kauri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Mutum ba ya sa hannu sau biyu su zo daidai sak, saboda haka in ka ɗora biyu suka hau juna ba bambanci, aikin na'ura ne. Kada kuma a rikita hatimi da sa hannu. Takarda mai hatimin fada tana da darajarta, amma ba ta tabbatar da cewa sarki ya riƙe alƙalami.

Takardar shaidar da mai sayarwa ke bayarwa ba ta isa ba?

Wanda ya iya ƙirƙirar sa hannun sarki ba zai kasa ƙirƙirar shaida ba. Tambaye shi asalin kayan: wa aka ba, a wane taro, ta hannun wa ya biyo har ya iso gare shi. Ambulan na asali ko hoton ranar da aka miƙa kyautar sun fi kowace shaida nauyi.

Ana iya samun irin waɗannan takardu a wajenmu?

Ba abin mamaki ba ne. Sardauna Ahmadu Bello yana cikin waɗanda suka kafa Rabiɗatul Alamil Islami, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka a 1962, Faisal kuma ya ziyarci Nijar da Chadi a 1972. Gidajen tsofaffin jakadu, malamai da jami'an alhazai na iya ƙunsar wasiƙu da hotuna na wancan zamani a cikin adaka. Abin da ke damuna shi ne yadda magada kan zubar da su ranar rabon gado ba tare da an nemi mai karanta Larabci ya duba ba.

Wannan ba neman tabarraki ba ne?

A'a. Shi kansa Faisal a maƙabartar Al-Ud ta Riyad aka binne shi, a kabarin da ba a rubuta suna ba. Takardarsa shaida ce ta tarihi, haka ya kamata a riƙe ta.

In na mallaki ɗaya, yaya zan adana ta?

Kada ka kai ta a liƙe ta cikin leda da injin zafi kamar yadda ake yi wa takardun makaranta, domin ba ta sake fitowa kuma darajarta ta faɗi ke nan. Kada ka sa mata gam ko salatif. Rana tana cin tawada, don haka in kana son ratayawa a falo, ka rataya kwafi. Ta asalin ka shimfiɗe ta ba ninki tsakanin fararen takardu masu tsabta, nesa da danshin damina da gara. A wata takarda daban ka rubuta sunan wanda ya fara mallakarta, da shekarar, da yadda ta zo hannunka, ka ajiye su tare.