CV90 (motar yaƙi ta ƙasar Suwidin)

CV90, wadda sojojin Suwidin ke kira Stridsfordon 90 ko Strf 90 a taƙaice, motar yaƙi ce mai sulke da ke tafiya a kan sarƙa irin ta katafila. Aikinta shi ne ta kai sojojin ƙasa bakin daga, ta sauke su, sannan ta tsaya tana kare su da igwarta. Mutum uku ne ke sarrafa ta, wato kwamanda da direba da mai harbi, a baya kuma tana ɗaukar soja shida zuwa takwas, gwargwadon samfurin. Ana ƙera ta a garin Örnsköldsvik, a masana'antar Hägglunds, wadda yanzu take ƙarƙashin kamfanin BAE Systems na Birtaniya.

Asali

A farkon shekarun 1980, lokacin Yaƙin Cacar Baka, Suwidin ƙasa ce 'yar ba-ruwanmu. A wancan lokaci ba ta cikin ƙawancen NATO, saboda haka shirinta na tsaro ya ginu ne a kan cewa in Tarayyar Sobiyet ta kawo hari, ita kaɗai za ta tare shi. Motar ɗaukar soja da take da ita a lokacin, Pbv 302, tun shekarun 1960 aka ƙera ta, bindigarta kuma mai faɗin baki milimita 20 ta yi wa sababbin motocin Sobiyet kaɗan. Wajen 1983 zuwa 1985 rundunar sojan ƙasa da hukumar sayen kayan soja ta FMV suka tsara abin da suke buƙata.

Yanayin arewacin ƙasar ne ya fi yin tasiri a kan ƙirar. Yankin Norrland daji ne mai faɗi, hanyoyi kaɗan ne, da hunturu dusar ƙanƙara kan rufe ko'ina, in ta narke kuma ƙasa ta zama fadama da taɓo. Motar da za ta yi aiki a nan dole nauyinta ya bazu a kan sarƙa mai faɗi don kada ta kafe. Bayan haka, yawancin sojojin Suwidin a wancan zamani matasa ne masu bautar ƙasa ta tilas na 'yan watanni, don haka aka nemi mota mai sauƙin koyo da sauƙin gyara.

Kamfanoni biyu suka raba aikin. Hägglunds ya ɗauki gangar jiki da sarƙa, Bofors na garin Karlskoga ya ɗauki hasumiyar bindiga, wato ɗakin da ke juyawa a saman motar, da igwa. An ƙera motocin gwaji guda biyar, aka yi ta gwada su daga wajen 1988 har zuwa 1991, shekarar da aka sa hannu a kwangilar ƙera su da yawa. Motocin farko sun shiga hannun soja tsakanin 1993 da 1994. Kafin nan Tarayyar Sobiyet ɗin da aka yi shirin dominta ta riga ta wargaje.

Ƙira

Injin yana gaba ta dama, direba yana gefensa ta hagu, hasumiya a tsakiya, sojoji kuma a baya inda ƙofar fita take. Sanya inji a gaba na ƙara wa mutanen ciki kariya, domin harsashin da ya huda sulken gaba sai ya fara cin karo da shi. Injin dizal ne na kamfanin Scania, dangin wanda ake sa wa manyan motocin dakon kaya, abin da ya sauƙaƙa samun kayan gyara. Na farko yana da ƙarfin doki 550, yana kai motar gudun kilomita 70 a awa ɗaya a kan titi.

Samfurin da Suwidin ta zaɓa wa kanta, CV9040, yana ɗauke da igwar Bofors mai milimita 40, wadda asalinta ta kakkaɓo jiragen sama ce. An kifa igwar ne a cikin hasumiya, harsasai na shigowa ta ƙasa, kwankon da aka harba kuma yana fita ta wata ƙofa a rufin. Ma'ajiyar da ke ƙarƙashinta tana cin harsashi 24, a kashi uku na takwas-takwas, yadda mai harbi zai iya sauyawa daga harsashin huda sulke zuwa mai fashewa nan take. In ta ƙare, da hannu ake sake cika ta. Wannan ita ce wahalar da aka yarda da ita don samun harsashi mai girma, kuma tana cikin dalilan da ake kawowa na cewa masu saye daga waje sun fi son igwar Bushmaster ta Amurka, mai milimita 30 ko 35, wadda harsasanta ke zuwa a jere kamar ɗamara.

Motocin farko ba su da na'urar daidaita igwa yayin tafiya, sai a samfurorin da suka biyo baya, CV9040A da CV9040B, aka gyara hakan. Nauyi kuwa ƙaruwa ya yi ta yi. Daga kimanin tan 23 a farko, samfurorin baya sun haura tan 35, saboda ƙarin sulke da kariya daga nakiyoyi, har sai da aka ɗaga ƙarfin injin zuwa doki 810, daga baya 1,000.

A kan gangar jiki ɗaya an fitar da motar kwamanda, da ta masu hango wa manyan bindigogi wurin harbi, da ta janwe, da ta kakkaɓo jirage mai na'urar rada, da Mjölner mai igwa biyu na milimita 120, irin masu cilla bam sama ya faɗo kan abokan gaba. Suwidin ta sayi 509 a karon farko, duka nau'o'in a haɗe, ban da Mjölner da ta zo daga baya.

Ƙasashen da suka saya

Norwe ce ta fara, da mota 104 a 1994. Suwizalan ta sayi 186 a 2000, Finlan 102 a karo biyu, Holan 184 a 2004, Denmak 45 a 2005. Estoniya ta sayi 44 na hannu daga Holan a 2014. Bayan Rasha ta mamaye Yukren a 2022 kasuwar ta sake buɗewa: Silobakiya ta yi odar 152, Jamhuriyar Cek 246.

A fagen daga

Motar da aka ƙera don ƙanƙara, aikinta na farko a waje a Afirka ta Yamma ta yi shi. A 2004 Suwidin ta tura wasu zuwa Laberiya cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, rundunar da sojojin Najeriya ke da kaso babba a cikinta. Samfurin CV9040C aka kai, mai ƙarin sulke da na'urar sanyaya ciki, ya yi aikin sintiri tare da sojojin Ailan.

Yaƙi na gaske a Afganistan ta fara ganinsa. A watan Nuwamba 2007 sojojin Norwe suka yi amfani da ita wajen fafatawa da 'yan Taliban a gundumar Ghormach, suka sake yin haka a lardin Badghis a watan Mayu 2008, inda igwar ta riƙa kaiwa nesa da inda makaman 'yan Taliban ke iya kaiwa. Babbar barazana a can ita ce bam ɗin da ake binnewa a hanya. A Janairu 2010 irin wannan bam ya tashi da wata motar Norwe, direbanta ya rasu. A shekarar ce Denmak ta kai nata lardin Helmand. A Afganistan ɗin ne kuma Norwe ta gwada sarƙar roba maimakon ta ƙarfe, aka ga ta fi sauƙin nauyi, ta rage ƙara da jijjigar da ke gajiyar da soja a doguwar tafiya.

A Janairu 2023 Suwidin ta sanar da ba Yukren kimanin 50 na samfurin CV9040C. Sun isa fagen daga a tsakiyar shekarar, a hannun birged ta 21 ta sojan Yukren, a yankin Kreminna da ke gabashin ƙasar. A ƙarshen Yuli sojojin Rasha suka kama guda ɗaya da ta lalace, daga baya aka baje ta a bainar jama'a a Rasha. Yawan waɗanda aka rasa a yaƙin abu ne da ɓangarorin biyu suka saɓa a kai.

Halin yanzu

Ana ci gaba da ƙera sabon samfurinta, Mk IV. Holan tana sabunta nata da sabuwar hasumiya da na'urar Iron Fist ta Isra'ila, mai tare roka kafin ta iso jikin motar.