Harajin kadarori a gundumomin jihar Illinois

Harajin kadarori shi ne kuɗin da mai gida, fili ko shago yake biya duk shekara gwargwadon darajar abin da ya mallaka. A jihar Illinois ta Amurka, mai gundumomi 102, ba gwamnatin jiha ke karɓarsa ba. Hukumomin makarantu, garuruwa, 'yan kwana-kwana da ɗakunan karatu ne ke rabawa, makarantu kuwa su ke kwashe fiye da rabi.

Yadda ake ƙididdigewa

Kowace hukuma tana faɗin kuɗin da take bukata a shekara, sai a raba shi a kan jimillar darajar kadarorin yankinta. Shi ya sa garin da gidajensa ba su da tsada, kamar Harvey ko Park Forest a kudancin Shikago, kason da ake ɗora masa kan zarce na unguwannin masu hannu da shuni.

Gundumar Cook da sauran

Tsarin mulkin jihar na 1970 ya bai wa gundumar da mutanenta suka haura 200,000 damar kasa kadarori aji-aji. Cook, inda Shikago take, ita ce ke yin haka: gidan zama ana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari na kuɗinsa a kasuwa, wurin kasuwanci kashi 25. A sauran gundumomi sulusi ake ɗauka. Don a daidaita, jiha na fitar da wani adadi da ake ninka darajar da shi. Na Cook ya kusa 3 a 'yan shekarun nan, na yawancin sauran kuma bai yi nisa da 1 ba. Gidan dala 300,000 a Cook sai a rubuta masa 30,000, a ninka ya koma kusan 90,000, takwaransa a gundumar Lake kuwa kusan 100,000, kafin rangwame. Wanda ya tsaya kan kason da ke takarda kawai, ya yi kwatanci a banza.

Dokar ƙayyade ƙari

A 1991 aka hana yawancin hukumomin da ke gundumomin DuPage, Kane, Lake, McHenry da Will ƙara abin da suke karɓa a shekara fiye da kashi 5 cikin ɗari ko hauhawar farashi, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Cook ta biyo baya wajen tsakiyar shekarun 1990.

Taƙaddama

Binciken jaridar Chicago Tribune na 2017 ya nuna ana cika wa gidajen talakawan Cook kima. Jami'in da ke yi wa kadarorin gundumar kima a lokacin, Joseph Berrios, ya musanta, ya kuma sha kaye a hannun Fritz Kaegi a zaɓen fidda gwani na 2018.